Duwatsun da Hine Ta Ajiye

Sparkbrook, Birmingham

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina fata takardar nan ta same ka lafiya a Manchester, tare da gajiyar asibiti da ta haɗa kaya. Allah ya kai ka New Zealand lafiya, ya tsare ka a sama da ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka gama shekararka ka dawo mana da ƙafarka. Amin.

Na gama addu'a, yanzu ka gyara zama, don raina a ɓace yake. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zance sai ka ce ana nemanka wurin marasa lafiya. Takarda kuwa ba ta da inda ake dannawa a kashe ta.

Ran Lahadi babanku ya gaya maka a waya cewa tsohon abokin aikinsa Rawiri da matarsa Hine sun ji za ka yi aiki a asibitin da ke kusa da garinsu, sun ce Asabar ɗin farko bayan saukarka za su tara dangi su yi maka girkinsu na rami, wanda suke kira hangi. Ina zaune kusa da shi, muryarka na fitowa, na ji amsarka da kunnena. Dariya ka yi, ka ce, "Baba, no offence, amma ni ba zan ci abincin da aka binne a ƙasa ba. Zan ce musu ina on call kawai." Wato za ka ce aikin asibiti ne ya riƙe ka. Daga nan ka ce a miƙo min wayar, wai in haɗa maka kilishi da yaji da kuka da daddawa, kada ka mutu da yunwa a can. Ko jirgin ba ka hau ba, ka riga ka raina abincin mutane, ka kuma tanadi ƙaryar da za ka yi musu. Likita guda, da gemunka.

Ban ce maka komai ba ranar, na ce dai to. Abin da ya rufe min baki shi ne muryata na ji tana fitowa daga bakinka. Ka san na taɓa zuwa ƙasar, lokacin da aka tura babanku aikin injiniya na bi shi na yi sati huɗu, kana shekara uku, muka bar ku wurin Gwaggonku a Lozells. Kun ga hotuna, kun ji ina cewa ƙasa ce mai kyau sai dai sanyi da tumaki. Abin da na yi a can ban taɓa gaya muku ba. Yau zan gaya maka, kuma ba don in ba ka dariya ba.

Bari in fara da kilishin, tunda shi ka roƙa. Kafin tafiyata matan unguwa suka taru a kaina, ba wadda ta taɓa taka ƙasar, amma kowacce ta san komai. Aka ce min kada in kuskura in sa komai nasu a baki, wai mutanen da alade suke karya kumallo. Na yi guzurin kilishi da dambun nama da kuka, na naɗe cikin zannuwa na tura ƙasan akwati. A jirgi aka ba mu takarda ana tambaya ko muna ɗauke da abinci, na rubuta babu, babanku yana ta zungurina na yi kamar ban ji ba. Muna sauka wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban akwatina ya ƙi tashi. A gaban jama'a aka zazzage min kaya, har da waɗanda mace ba ta so a gani, aka kwashe guzurin kaf aka zuba a kwandon shara. Na yi ta masifa da Hausa da Turanci. Matar da ke binciken ta bari na gama, sannan ta yi min bayani a hankali cewa ƙasarsu tsibiri ce, da dabbobi da gonaki suke rayuwa, cuta ɗaya ta shigo cikin ɗan nama sai ta kashe musu garke. Gaskiyarta ce, kuma sanin hakan ya ƙara min haushi. Saboda haka kilishi ba zan ba ka ba, ko yanki ɗaya. Duk abin da ke cikin jakarka ka rubuta shi, ko da goro ne guda.

Na shiga ƙasar da wannan fushin, kuma na yi sati biyu ina neman abin kushewa. Ban rasa ba. Na ga manyan mutane, masu mota da gida, suna shiga kanti ba takalmi, na ce talauci ne ko taɓuwa. Da safe aka ba ni burodi da wani baƙin abu mai gishiri da suke shafawa, na lafta shi kamar man gyaɗa, na ciza, na kusa kuka. Ran hutu mutum ya bar kujerarsa mai laushi ya saɓa jaka ya shiga daji ya yi ta tafiya, ba gona zai je ba, ba biki ba, ya kai inda zai kai ya juyo. Matan abokan aikin babanku sun gayyace ni irin wannan yawon sau biyu, na ce ƙafata na ciwo. Sun gayyace ni bakin teku cin soyayyen kifi da dankali a cikin takarda, na ce iska na sa min mura. Sun ce in zo kallon yaransu suna wannan ƙwallon da ake rungumar juna ana faɗuwa cikin taɓo, na ce ina da wanki. Bayan ta huɗu ba wadda ta sake kirana, na zauna a ɗaki ina kallon bango ina cewa mutanen nan ba sa son baƙo. Ka lura da wannan, Nasiru. Su gayyata suke yi da gaske, kuma in ka ce a'a suna ɗauka da gaske kake. Wanda ya kira ka yawon daji ka sayi takalmin ka bi shi, in ka gaji ka ce ka gaji. Ba a ce ka so komai ba, amma ka ɗanɗana kafin ka yatsina fuska.

Sai Asabar ta uku, ranar da nake so ka karanta a hankali. Rawiri ɗan ƙabilar Mawori ne, 'yan asalin ƙasar, shi da babanku tare suke yini a wurin aiki, shi ne ma ya nemo masa ɗakin da zai riƙa salla. Ya ce danginsa suna so su karɓe mu yadda suke karɓar baƙo. A mota babanku ya ce min, "Hajiya, an ce fa an yi mana namu daban, rago ne na halal." Na ce masa, "Ka gani da idonka?" Ya kawar da zancen, ka san halinsa.

Muka isa da hantsi. Wani babban zaure ne da sassaƙa a goshinsa, ga fili a gaba, mutane sun fi hamsin. Wata dattijuwa ta ɗaga murya tana kiranmu da yarensu, muka shiga a hankali, aka cire takalma a ƙofa kamar yadda muke yi. Aka yi jawabai, aka yi waƙa, babanku ma ya tashi ya yi godiya. Sannan aka jeru za a gaisa, su kuwa gaisuwarsu mutum ya ɗora hancinsa da goshinsa a kan naka. Da namijin farko ya matso, na ja da baya kamar na ga maciji, na sha kunu. Mutumin ya tsaya da hannu a miƙe bai san laifinsa ba. Hine ce ta zagayo, mace doguwa mai furfura kaɗan a gaban kai, ta girme ni da kusan shekara goma, ta raɗa min cewa in ban gaisawa da maza haka in ɗora hannu a ƙirji ya isa, ba wanda zai ji haushi. Ta faɗa wa na gaba, magana ta bi layi, shi ke nan. Abin da kalma biyu za ta gyara tun a mota na bari sai da na muzanta bawan Allah. Kai ma duk abin da addini ya hana ka, ka faɗa tun kafin a kai wurin, da sakin fuska, kai tsaye. Suna girmama wanda ya faɗi iyakarsa. Abin da ba su iya ba shi ne karanta ɗaurin fuska.

Bayan azahar aka ce a zo a buɗe rami. Na tsaya nesa na naɗe hannu. Na ga tudun ƙasa biyu, babba a can gefe, ƙarami a kusa da mu. Maza suka sa shebur suka janye ƙasar ƙaramin, suka yaye jiƙaƙƙun buhuna, sannan fararen ƙyallaye, tururi ya tashi. Suka ciro kwandunan waya daga kan duwatsu masu zafi. Abincin ko ƙwayar ƙasa bai taɓa ba. Naman rago ne yana zamewa daga ƙashi, da kaji, da kabewa, da kabeji, da wani abu da suke ta yabo suna kira kumara, na leƙa na ga dankalin Hausa ne, irin wanda kakarka take dafa mana da ƙuli. Ƙamshin ya bugi hancina, yawuna ya tsinke. Tun shayin asuba ban sa komai a cikina ba. A raina na riga na sauko, na ce wannan kam zan ci.

Aka shiga ɗakin cin abinci, babanku yana can cikin maza, ni aka zaunar da ni cikin mata. Hine da kanta ta zubo faranti, ta zaɓo wuri mai kyau a jikin ragon, ta kawo gabana kafin kowa. Ni kuma 'yar Kano, wadda aka tarbiyyantar cewa baƙuwa ba ta wawurar abinci a tayin farko, na sunkuyar da kai na ce, "Na gode, na ƙoshi." Jira nake ta ce haba, in ce wallahi, ta ce don Allah ko loma ɗaya, in ce to saboda ke. Haka uwata ta yi, haka tata uwar ta yi. Hine ta tsaya da farantin, ta dube ni, ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata, ina jiran na uku. Na uku bai zo ba. Ta ce babu komai, ta ɗauke farantin ta koma da shi kicin. Kowa ya ci gaba da cin abincinsa.

Na zauna cikina na ƙugi, mutane suna ci ta dama da hagu, ni ina juya kofin ruwa. Kuma ka san me nake yi? Fushi nake da ita. Ina cewa a raina wace irin mata ce wannan da ba ta iya tayi ba. Da na buɗe baki na ce na canja shawara, da an kawo min da murna. Girman kai ya hana. Da abin ya ishe ni na ce zan ɗauko abu a mota, na shiga na rufe ƙofa, na zaro biskit da dabino daga jaka na hau ci hannu baka hannu ƙwarya. Ina cikin haka aka ƙwanƙwasa gilashi. Hine ce, da kofin shayi ta kawo min, tana zaton ba ni da lafiya. Ta ga ledar biskit a cinyata, ta ga garinsa a mayafina, bakina cike. Ta miƙo shayin, ta yi ɗan murmushi, ta juya. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma har yau in na tuna sai na runtse ido.

Sai a jirgin dawowa babanku ya buɗe baki, shi ma ina da haushinsa na barin magana ta kwana. Ya ce Rawiri ya gaya masa Hine ta yi tuƙin awa uku zuwa birni ta nemo mahauci Musulmi, ta tsaya aka yanka ragon da kajin, ta dawo. Ramin da suka saba amfani da shi ana sa alade a ciki, don haka Rawiri da ƙannensa suka haƙa sabo. Duwatsunsu na gado sun sha kitsen alade, don haka suka yini a bakin kogi suna zaɓo sababbi, don ba kowane dutse ke jure wuta ba. Kwanduna sababbi, ƙyallaye sababbi, har wuƙa. Ba wanda ya roƙe su. Sannan ya gaya min abin da ya fi duka nauyi. A al'adarsu duk kiran nan da jawabai da gaisuwa ba su kammala karɓar baƙo ba, sai ya ci abincin gidan. Da ya ci ya tashi daga baƙo ya zama ɗan gida. Babanku ya ci, ya ƙara. Ni na shiga gidan mutane a baƙuwa na fito a baƙuwa, kuma a idonsu ni ce na zaɓi hakan.

Za ka ce ai da na rubuta mata na ba ta haƙuri. Haka ne, kuma wannan shi ne kuskurena da ya fi tsawo. Na ce zan rubuta in na huta, sai na ce bayan salla, sai na ce ai yanzu an daɗe, tayar da zancen zai fi muni. Duk shekara katinsu yana zuwa da sunana a ciki, babanku yana amsawa, ni in ce ya gaishe su. Shekara ashirin da huɗu ke nan. In ka ɓata wa mutum, Nasiru, ka je a ranar, kunyar ranar ita ce mafi sauƙi.

Kuma ban tsaya nan ba, na dawo na zuba muku halin. Ka tuna maƙwabciyarmu tsohuwar nan 'yar Jamaika da ta yi maka kek ranar da ka ci jarrabawar shiga makarantar Edgbaston? Ta rubuto duk abin da ta sa a ciki a 'yar takarda don hankalina ya kwanta. Na karɓa na yi godiya, da ta tafi na ce kada wanda ya taɓa. Kana kallona. Duk gidan abokin da za ka je sai na cusa maka abinci a jaka na ce ka ce ka ƙoshi. Na ce tsare muku addini nake yi, kuma rabinsa gaskiya ne. Ɗaya rabin raini ne kawai, na sa masa hula. Tambaya halal ce, ka tambayi mene ne a ciki, wa ya yanka, a ina aka dafa, ba mai hankalin da zai ji haushi. Amma ka yanke hukunci kafin ka tambaya, wannan ba tsoron Allah ba ne. Mu da muke kuka a garin nan cewa ana toshe hanci in an ji daddawarmu, mu ne kuma za mu je ƙasar wasu mu toshe namu. Kai da ka dawo daga makaranta kana kuka don yara sun ce tuwonka kamar siminti, yau kai ne mai cewa abincin rami.

Yanzu ga abin da babanku bai karanta maka ba ran Lahadi, don ya ga fuskata. A ƙarshen saƙon Rawiri, Hine ta ƙara nata layukan. Ta ce gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya tsayuwa a kan girki kamar da, amma wannan da kanta za ta tsaya. Ta ce duwatsun nan suna nan bayan rumfarsu a rufe, ba a taɓa haɗa su da sauran ba, jikokinta suna kiransu duwatsun Musulmi. Sannan ta ce a tambaye ni me kake ci da me ba ka ci, a gaya mata dalla-dalla, don har yau tana jin nauyin cewa wancan karon sun yi wani kuskure a girkin da ya hana mahaifiyarka ci, kuma ba ta taɓa gane ko mene ne ba.

Ka ji. Shekara ashirin da huɗu matar nan tana binciken kanta a kan laifin da ba nata ba, ni ina nan ina soya miya a Sparkbrook. Kuma ita ce kake shirin aika wa cewa kana on call. Wallahi in ka yi haka, ba abin da zan ce maka a waya, amma za ka san ka ɓata min.

Ga abin da nake so. Ka duba jadawalin aikinka tun yanzu, in an sa ka ranar ka nemi wanda zai canja da kai. Ka je da wuri, ka cire agogo ka karɓi shebur, don a can ba a girmama namijin da ya zauna ana aiki. Ka cire takalmi a ƙofa. Kada ka zauna a kan tebur ko ka ɗora hularka inda ake ajiye abinci, ba sa so. In an gama ka tashi ka shiga wanke-wanke, na ga manyansu suna yi. Ka gaisa da maza da hanci, ba zai rage ka da komai ba. Atamfa biyu na saya mata a Stratford Road, su kam kare ba zai zauna a kansu ba, babanku zai kawo maka Manchester ran Alhamis tare da takardar nan. In ta kawo maka faranti, ka karɓa da hannu biyu a tayin farko, ka yi bismilla, ka cinye. In ta ce ƙari, ka ce e.

Na zauna sau uku zan rubuta mata da kaina, Turancin yana fitowa kamar takardar hukuma daga council, na yaga. Zan rubuta, na yi alkawari, amma ina so ta fara ji daga bakin wanda ya ci abincinta. Bayan ka gama, ka samu inda take zaune, ka durƙusa yadda kake durƙusa min, ka gaya mata babu abin da ya samu girkinta. Ka ce mata a garinmu mace takan ƙi sau biyu kafin ta karɓa, uwarka kuma ta tsaya jiran na uku. Ka ce mata yunwa nake ji ranar.

Allah ya tsare min kai, ya kiyaye hanya, ya sa ka sauka lafiya ka tashi lafiya. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka zuciyar da ta fi tawa sauƙin sauka. Ka riƙe salla, ka kira in ka isa. Babanku yana gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifiyarka